Rufin gareji mai ƙarancin gangara: wanne zan sa a madadin tsohon kwano?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da gareji a jikin gidana a Kaduna, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4. Rufin kwano ne irin na da, ya haura shekara 20. Kusan a kwance yake, domin bangon da ke jikin gida bulo ɗaya kacal ya fi na waje tsayi. Damina uku ke nan yana yoyo, mun liƙe da kwalta har mun gaji, silin ya jiƙe ya yi ciki. Yanzu na yanke shawarar canza shi gaba ɗaya. Kafinta ya ce in sa kwano mai yashi irin na babban gida don su dace, wani abokina ya ce in zuba dekin in huta, wani kuma ya ce shimfiɗar kwalta ake yayi. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da kake nema shi ne rufin da zai iya da ruwan Agusta a kan gangarar bulo ɗaya. Mutum ukun da suka ba ka shawara, kowa ya faɗi abin da idonsa ya saba gani, amma a cikin bayaninka ban ji wanda ya ɗauki tef ya auna ba. A aikin rufi gangara ce ke fara zaɓe. Sai ta gama tace abin da za ta iya ɗauka, sannan aljihu da ido su zaɓa a cikin ragowar.

A fara da awo

Bulo mai inci 9, idan an haɗa da simintin da ke ƙarƙashinsa, yana ba da kusan santimita 25. Tunda ka ce bangon jikin gida ne ya fi tsayi, na ɗauka ruwa yana gangarowa ne ta ɓangaren mita 4. Ke nan rufin yana sauka santimita 25 a cikin santimita 400, wato 1 cikin 16, digiri 3 da rabi a lissafin injiniyoyi. In kuwa ta ɓangaren mita 6 yake gangarowa, abin ya ƙara lalacewa: 1 cikin 24, bai kai digiri 2 da rabi ba.

Kada ka tsaya ga ƙirga bulo. Ka sa a ɗauko tiyo mai haske irin wanda magina ke fitar da lebur da shi, a cika shi da ruwa, a yi alama a bangon sama da na ƙasa, a auna daga alamar zuwa inda katako ya zauna. Sannan a ja igiya daga kan rafta, wato katakon da ke gangarowa daga bangon sama zuwa na ƙasa, har zuwa gindinta, a duba tsakiya. Katakon da ya shekara 20 yana shan zafi da ɗigar ruwa, da wuya a same shi a miƙe. Idan ya yi ciki da santimita 4 kacal a tsakiya, ya cinye fiye da rabin gangarar da ke daidai bakin ƙasa, inda kuma ruwan rufin duka ke taruwa kafin ya zuba. Sau da yawa mai gida yana zargin kwano, alhali katako ne ya fara gazawa.

Me ya sa tsohon yake yoyo

Yana da kyau ka san wannan, don kada ka saye irin matsalar da sabon kuɗi.

Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Rufinka murabba'in mita 24 ne. Ranar da aka yi ruwa milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Kaduna a tsakiyar damina, lita 1,200 ce za ta bi ta kan garejin nan, duro shida ke nan na mai lita 200. In kuma wani sashe na rufin babban gida yana zubowa a kansa, kamar yadda aka saba a garejin da ke jingine da gida, sai ka ƙara da wannan. A rufi mai tsayi ruwan nan gudu yake yi, bai samun lokacin taruwa. A rufi mai digiri 3 tafiyar hawainiya yake yi, kuma ruwan da ke tafiya a hankali zurfi yake ƙarawa.

Kwanon da muka gada, mai ƙananan tudu da kwari, zurfin kwarinsa bai kai santimita 2 ba. Da ruwa ya cika kwarin, sai ya haura tudu, ya shiga ta gefen da kwano ya hau kan ɗan'uwansa. Ga kuma babbar illa: kwanon bandir ƙafa 6 ne tsawonsa. Kafin a rufe mita 4 har da ɗan baki da zai leƙa waje, sai an jera uku, wato layin haɗi biyu a kwance a gicciye da hanyar ruwa. A kowane haɗi akwai siririn fili tsakanin kwanon sama da na ƙasa, kuma ruwa yana hawa siririn fili kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Idan rufi yana da tsayi, nauyin ruwan yana rinjayar wannan hawan. Idan a kwance yake, hawan ne ke rinjaya, balle iska ta tura shi ta baya. Santimita 15 da kafintoci suka saba bari a haɗi, a gangararka bai kai santimita 1 na tsayi ba. Wannan shi ne duk katangar da ke tsakanin ruwa da motarka.

Sai ƙurar hunturu. Wata huɗu tana sauka tana shiga haɗin, ruwan farko ya mayar da ita taɓo, taɓon ya riƙe danshi, danshi ya kawo tsatsa. Ranar da za a kwance rufin, ka tsaya ka gani da idonka. Za ka tarar tsakiyar kowane kwano da sauran ƙarfinsa, amma bakin da ke cikin haɗi ya zama kamar rariya, yana marmashewa a hannu. Kwaltar da kuka yi ta liƙawa a sama take, cutar kuwa a ƙasa. Wani lokaci ma liƙin ne ke tare ruwa ya mayar da shi baya.

Kwano mai yashi

Na gane dalilin kafinta, kuma na san idan gareji da gida suka yi anko abin yana da kyan gani. Amma wannan shawarar ita ce mafi haɗari a cikin ukun. Kwano mai yashi gajerun falle ne, abin da kowane layi ke rufewa bai kai santimita 40 ba. A mita 4 za ka sami haɗi kusan goma a kwance, kai da haɗi biyu suka hana ka barci. An ƙera shi ne domin rufi mai tsayi, kuma masu ƙera shi galibi suna neman digiri 12 zuwa 15 ko fiye. Rufinka bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Yashin da ke jikinsa kuma yana rage wa ruwa gudu, yana kama ƙura.

Na taɓa zuwa duba wata baranda da aka rufe da shi a kan gangara irin taka. Kaya masu tsada, aiki tsaf, ko ƙusa ɗaya ba a buga a karkace ba. Mai gidan ya riga ya yi faɗa da kafinta, ya yi da mai shago, yana cewa jabu aka sayar masa. Muka ɗaga falle ɗaya a tsakiya, sai ga layin busasshen taɓo ya wuce bakin haɗin ya sauka kan katako, a kowane layi haka. Kayan ba jabu ba ne, wurin ne ba nasa ba. Haka aka kwance shi bayan damina ɗaya.

Irin wannan hukuncin ya hau kan tayil na yumɓu ko na siminti, da kuma ƙananan fallen kwalta da ake rufe gidaje da su a Amurka, waɗanda ko a can ba a yarda a sa su a ƙasa da gangarar 2 cikin 12 ba. Dogon kwanon alminiyom da ake matse shi hawa-hawa don ya yi kama da tayil, shi ma ka bar wa babban gida. Kowane hawa wurin tsayawar ruwa ne idan rufin a kwance yake.

Dekin

"In zuba dekin in huta" magana ce mai daɗin ji. Bari mu auna ta. Kankare yana da nauyin kilo 2,400 a kowace kubik mita, wato mita 1 a tsawo da faɗi da kauri. Dekin mai kaurin santimita 15 yana ba da kilo 360 a murabba'in mita. A garejinka ya haura tan 8 da rabi, ban da yaɓen gangara da za a ƙara a sama. Kwanon da ke kai yanzu, har da katakonsa, bai kusanci ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Yawancin garejin da na sani an ɗora su ne daga baya, da bulo mai inci 6, ba ginshiƙi, tushe kuma ɗan kaɗan. Ga ƙofa mai faɗin mita 3 da lintar da aka zuba don ta ɗauki bulo biyu ko uku. Ban ga garejinka ba, kuma babu mai gaskiyar da zai ce maka ka zuba ko kada ka zuba daga nesa. Sai injiniyan gini ya zo, an tona gefen tushe, an duba ginshiƙi da linta.

Ko da ginin zai ɗauka, hutun da abokinka ke faɗa ba ya zuwa haka kawai. Kankare yana tsagewa, yana shan ruwa, ruwan ya isa rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ƙasan dekin. Dole a yi masa gangara, a shimfiɗa masa abin hana ruwa, a fitar da indararo mai faɗi. Kakanninmu da suka yi soro da azara da ƙasa sun san wannan sarai. Rufinsu a shimfiɗe yake, amma sun karkata shi zuwa indararo, sun shafe shi da laso ko makuba, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe. Shimfiɗaɗɗen rufi haka yake har yau, siminti bai canza masa hali ba: yana son mai hawa ya duba shi. Dekin yana da ma'ana idan kana da niyyar ɗora ɗaki ko tankin ruwa a sama. In rufe mota kawai kake so, ka sayi raƙumi ne don ɗaukar kwando.

Shimfiɗar kwalta

Wannan ba shawarar banza ba ce, kuma ita ce kaɗai a cikin ukun da aka yi ta musamman domin rufin da ke kwance. Naɗi ne mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10, kaurinsa milimita 3 ko 4, ana gasa ƙasansa da wutar gas ana manna shi, bakin kowane naɗi ya hau kan na kusa da shi da santimita 10 a narke su su zama ɗaya. Tunda babu fili a haɗin, lagwanin da na ambata ba shi da wurin aiki. A Ingila, inda gareji mai shimfiɗaɗɗen rufi ya zama ruwan dare, ƙa'idarsu ita ce a zana gangarar 1 cikin 40 domin bayan an gama aiki kada ta gaza 1 cikin 80. Taka 1 cikin 16 ta wuce wannan nesa ba kusa ba.

Matsalarta a wajenmu ita ce abin da za ta kwanta a kai. Ba a shimfiɗa ta a kan iska, kuma ba a shimfiɗa ta a kan tsohon kwano mai tudu da kwari, ko da wani ya ce maka yana yi. Tana son daɓe mai santsi: kankare, ko filawud mai kauri, kamar milimita 18, irin wanda ke jure ruwa. Filawud a ƙarƙashin baƙar shimfiɗa, a ranar Maris da Afrilu, ga gara tana jira, ga ɗan danshin da in ya shiga ba shi da hanyar fita, ba haɗin da nake so ba ne. Rana tana cin kwalta, don haka sai an sayi mai ƙananan duwatsu a samanta ko an shafe ta da fenti mai ƙyalli. Kuma aikin duka a hannun mai riƙe da wutar yake. In ya gasa kaɗan ba ta kama ba, in ya zarce ta ƙone. Wuta ce kuma tsirara a saman wurin da ake ajiye fetur da janareta, sai an kwashe komai kafin a kunna. Ina ba da shawararta ne idan gangara ta gaza digiri 2 zuwa 3 kuma babu halin ƙara ta, ko kuma idan akwai dekin dama.

Abin da zan sa da garejin nawa ne

Dogon kwano mai manyan ƙashi, wato manyan tudu, wanda ake yanka maka daidai tsawon da ka nema, falle ɗaya daga bango har baki. Shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira lonsifan. Abu biyu yake gyarawa a lokaci guda. Na farko, haɗin kwance ya tafi gaba ɗaya, tunda mita 4 da 'yan kai ba wani tsawo ba ne a wajen injin da ke matsa shi. Na biyu, ƙashinsa ya fi na tsohon kwano tsayi, daga santimita 2 da rabi zuwa sama, kwarinsa kuma shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, yana ɗaukar ruwa da yawa kafin ya cika. Masu ƙera irin wannan zubin galibi suna yarda da shi daga digiri 3 zuwa 5 muddin babu haɗin kwance. Ka ga ke nan digiri 3 da rabi ɗinka a bakin iyaka yake. Zai yi, amma ba ya barin wurin kuskure, kuma aikin hannu bai rasa kuskure.

Saboda haka, tunda za a kwance rufin dama, ka ƙara gangara. Bulo ɗaya aka ƙara a ɓangaren sama, bambancin ya koma santimita 50, wato 1 cikin 8, digiri 7. Da wannan kuɗin bulo kaɗan ka ninka gangararka, kuma babu wani abin da za ka kashe wa kuɗi a aikin nan da zai biya ka kamar shi. In taga ko bakin rufin babban gida ya hana a ɗaga sama, a duba ko za a iya sauke bangon waje da bulo ɗaya, matuƙar mota da ƙofa za su sami wurin wucewa. In duka biyun sun gagara, a zauna a kan 3 da rabi, a nemi kwanon da ya fi kowanne tsayin ƙashi, a sa katako sabo miƙaƙƙe, sannan a sa liƙin roba a tsawon haɗin gefe.

Sai zaɓi tsakanin alminiyom da ƙarfe mai rufin aluzinc. Alminiyom ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, amma yana da laushi. Yana lotsawa idan aka taka shi ba a kan katako ba, kuma lotsawa a rufi mai ƙarancin gangara ƙaramin tafki ne. Ana samun sa a kauri 0.45 da 0.55 da 0.7 na milimita. A irin rufinka ba na sauka ƙasa da 0.55. Aluzinc ƙarfe ne da aka lulluɓe da haɗin da kashi 55 cikin 100 alminiyom ne, sauran kusan duka zinc da ɗan silikon. Ya fi alminiyom tauri a kauri ɗaya, ya fi tsohon kwano jure tsatsa, amma inda aka yanka shi ko aka karce shi nan ne rauninsa, kuma ba ya son ruwa ya kwana a kansa. A Kaduna duka biyun suna yi. Da a Jos kake, inda ƙanƙara ke sauka, da na karkata ga ƙarfen. In akwai mangwaro ko dogon yaro da ke zubar da ganye a kan rufin, ganyen ya jiƙe ya kwanta, na fi son alminiyom.

Kowanne ka zaɓa, a auna kaurin a gabanka. Akwai ɗan ma'auni da ake matse bakin kwano da shi, masu sayarwa suna da shi. An taɓa kawo mini kaya wurin aiki, takarda ta ce 0.55, da na ɗaga falle ɗaya na ji yana rawa a hannu kamar faifai. Muka auna, bai kai 0.45 ba. Direban har ya fara sauke kaya muka ce ya mayar. Launi kuma ka ɗauki mai haske, fari ko ruwan toka ko ruwan madara. Gareji rufinsa a kusa da kai yake, baƙin kwano zai mayar da shi tanda.

Inda ake cin nasara ko a faɗi

Kwano mai kyau a hannun mai gaggawa yoyo zai yi. Ga wuraren da nake tsayawa a kai da kaina.

Katako tukuna. Duk wanda ya yi ciki, ko gara ta taɓa, ko ƙusa ke shiga cikinsa ba gardama, a fitar da shi. Tubaifo, wato katako mai inci 2 da 4, a kan tazarar mita 4 ba tare da tallafi ba zai sake lanƙwasa, don haka ko a sa tubaisikis mai inci 2 da 6 a tsaye, ko a gicciya bim a tsakiya, ko a koma ƙarfen bututu mai kusurwa huɗu, wanda ni na fi so a gareji saboda gara ba ta san shi ba. Katakon da kwano ke kwanciya a kai, ba na bari tazararsu ta wuce santimita 60 idan alminiyom ne. A shafe su da maganin gara kafin a ɗora.

Sannan ɗauri. Mutane suna zaton rufin da ke kwance iska ba ta samun sa. Akasin haka ne. Iskar da ke wucewa ta samansa tsotsar sa take yi sama, kuma gareji yana da ƙatuwar ƙofa da in iska ta shiga ta nan sai ta tura daga ciki. Guguwar farkon damina, a Afrilu da Mayu, ita ke yaye irin waɗannan rufin. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da kake gani a kan rufin mutane shaidar rashin ɗauri ne. Kowace rafta a ɗaure ta da langa-langa ko rodi da aka binne a cikin kankaren saman bango, ba a cikin bulo ɗaya na ƙarshe ba.

Wajen jera kwanon, ka tuna hadarinmu daga gabas yake tasowa. A fara jerawa daga yamma ana tafiya gabas, yadda bakin kowane haɗin gefe zai ba gabas baya. A ɗaure da sukuru mai washar roba, a kan ƙashi, ba a cikin kwari inda ruwa ke bi ba. A matse shi har robar ta zauna, kada a matse har ta fashe ko ƙashin ya lotsa. Akwai dalilin da ya sa na fi son sukuru a kan ƙusa. Kwano yana miƙewa da rana yana tsukewa da dare. Alminiyom mai mita 4, idan zafin jikinsa ya sauya da digiri 50 tsakanin tsakar rana da asuba, yana motsi kusan rabin santimita, ƙarfe kuma rabin haka. Ƙarar da kake ji rufi yana yi da yamma ke nan. Wannan kai da komowa kullum shi ke zare ƙusa a hankali yana faɗaɗa raminta.

Bakin kwano na sama, a lanƙwasa kwarinsa sama da filaya ya zama ɗan dam, don iska kada ta tura ruwa ya zuba ta baya. Bakin ƙasa a ɗan lanƙwasa shi ƙasa, in ba haka ba ruwa zai naɗe ta ƙarƙashi ya bi katako. Aikin minti goma ne, amma kafintoci da yawa ba sa yi sai an ce su yi.

Wurin da ya fi ko'ina ba da wahala shi ne inda rufin ya haɗu da bangon gida. Abin da aka saba shi ne birkila ya cusa bakin kwano a bango ya toshe da siminti. Kada ka yarda. Kwano yana motsi, siminti ba ya motsi, kafin damina biyu ya tsage. Ƙari a kan haka, ɗanyen siminti yana cin alminiyom, yana cin aluzinc. Abin da ya dace shi ne filashin: a tsaga bango da giranda a tsayin santimita 15 daga saman kwano, a cusa bakin wani lanƙwasasshen falle a tsagar a liƙe, ɗaya bakin ya sauko ya rufe kan kwanon da santimita 20 ko fiye. Idan kuma garejin yana da rawani kewaye da shi, wato bango ya ɗago ya ɓoye rufin, to gotar da ke ɓoye a bayansa a yi ta da faɗi, a ba ta mafita biyu, domin leda ɗaya ko gidan tsuntsu ya isa ya toshe ɗaya ya mayar da ruwa cikin ɗaki. Ruwan babban gida kuma a tare shi da gota tasa a sauke da bututu, kada a bar shi yana dukan rufin gareji.

In an yanka kwanon ƙarfe, a yi da almakashin kwano. Giranda tana ƙona rufin da ke kare shi, garin ƙarfen da take watsawa kuma in ba a share ba, raɓar kwana ɗaya ta isa ya bar ɗigon tsatsa a sabon kwano.

Silin ɗin da ya jiƙe

Ka ambace shi a wuce, amma ina so ka dakata a kansa. Gine-ginen da suka kai shekarun naka da yawa silin asbestos aka sa musu, fale-falen nan masu launin toka da ke karyewa kamar busasshen biskit. Yana zaune lafiya lau ba ya cutarwa, amma ƙurarsa idan an fasa shi tana shiga huhu, kuma an tabbatar tana kawo kansa bayan shekaru masu yawa. Dalilin ke nan da ya sa Birtaniya ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. In irinsa ne a garejinka, a jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshi a sauke shi falle-falle ba tare da fasawa ba, masu aiki su rufe hanci da abin kariya na gaske, a naɗe shi a leda mai kauri. Kada a share wurin da busasshiyar tsintsiya, kada a farfasa shi a cike rami a ƙofar gida, kada a bar yara su ɗauka suna wasa.

Sabon silin kuma kada a buga shi nan take. A yi aikin rufin a cikin rani, ruwa bai sauko ba. Ranar da aka gama, kafin ka biya cikon kuɗin kafinta, wani ya hau da tiyo ya saki ruwa daga bakin ƙasa yana hawa sama a hankali, ya daɗe a kan filashin da haɗin gefe, kai kuma kana ciki da tocila kana bin katako ɗaya bayan ɗaya. Bayan an kashe ruwa da rabin awa a sake hawa a duba ko akwai inda ya kwanta. Sannan ka bar ƙasan rufin a buɗe har a yi ruwa mai iska sau biyu ko uku. In katako ya fita a bushe, sai ka kira mai silin.